Talbijin mai kunne a jiki, ko Echo da Fire TV: wanne ya dace da Baba?

Hajiya, kin ce ciwon suga ya taɓa idon Baba, rimot ya gagare shi, in zai ji sallar Harami sai ya jira jikoki sun taso daga makaranta. Kina so ki sani: sabon talbijin da ake yi wa magana za ki saya, ko tsohon za ki haɗa wa na'ura? Allah ya ƙara masa lafiya.

Ki fara cire rimot mai makirfo daga lissafi. Masu shago a Jidda za su ce miki ai shi ma da murya yake aiki. Haka ne, amma sai an danne maɓalli, kuma mai laluben rimot a ƙarƙashin matashi bai huta ba.

Zaɓi biyu suka rage. Na farko shi ne talbijin mai Google TV wanda makirfonsa ke jikinsa, kamar wasu samfuran TCL da Sony. Wasu na ce, ba duka ba. Alamar da za ki duba wani ɗan makunni ne a ƙasan allon ko a bayansa, na buɗe makirfo da rufe shi. Baba zai ce "Hey Google" daga kan darduma, ya nemi tashar Alƙur'ani ta Makka a YouTube, ko ya sa a rage sauti. Ba waya, ba wani akwati. Sai dai kuɗin sabon talbijin ne cur.

Na biyu, ki bar tsohon, ki soka masa Fire TV Stick, wata 'yar na'urar kallo ta intanet, a ramin HDMI, ki sayi lasifikar Echo ki haɗa su a asusun Amazon ɗaya. Ya fi sauƙin kuɗi, kuma tun Disambar 2021 Alexa, muryar da ke amsa magana a cikin Echo, ke jin Larabcin ƙasashen Gulf. Ga wata riba: Echo ana iya ajiye ta kusa da kan gadonsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ɗakunanmu, inda mukayyif na taga, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke ruri dare da rana. Muryar dattijo kafin ta ƙetare ɗaki ta kai ga allo, rabinta ya tafi. Aibinsa shi ne haɗawa. Abu uku ne sai sun ji maganar juna, kuma ran da yaro ya sauya talbijin zuwa wani ramin HDMI, Baba zai iya yin ta magana allo na can wani wuri, shi bai gani ba.

Abin da ya fi damuna ba a cika tambayarsa ba: talbijin ya ji Baba, to shi Baba ya ji shi? In ya nemi tafsiri, bidiyo barkatai suka jeru, wa zai gaya masa wanne ne wanne? Dole a kunna mai karanta allo. A Google TV sunansa TalkBack, yana cikin saiti. A Fire TV sunansa VoiceView, ana danne maɓallin komawa baya da na menu tare na daƙiƙa 2. Mai ido zai kunna sau ɗaya, shi ke nan. Wasu manhajojin yana karanta su tsaf, wasu sai ya yi ta in'ina.

Duka biyun ba sa jin Hausa, sai Larabci ko Turanci, kuma in intanet ya ɗauke sun kurmance. Risibar dish kuwa mulkinta daban. Tashoshin Nilesat da ya saba da lambobinsu ba za su sauya da murya ba, sai a nemo masa su ta intanet.

In tsohon talbijin ya gaji dama, ki ɗauki na farko, don abin da zai rikice kaɗan ne. In lafiyarsa ƙalau, muryar Baba kuma ta yi ƙasa, na biyu. Kafin ki biya ko riyal ɗaya, ki tafi da shi shagon ya gwada da bakinsa, daga nisan da yake zama a gida.