Idan tsarin fayil bai iya ba: a faɗa ko a yi shiru?

Filashin da aka tsara da tsarin fayil na FAT32 ba ya ajiye sunan mai fayil, ba ya kuma riƙe cikakken izinin karantawa da rubutawa kamar yadda ext4, tsarin fayil na Linux, ke yi. To idan manhaja ta nemi a hana kowa buɗe wani fayil a kansa, me ya kamata Linux ta yi?

Hanya ta farko, ta fito fili ta ƙi. Umarnin chmod, mai canza izinin fayil, ya dawo da kuskuren EPERM, wato ba a yarda ba, mai aiki ya san buƙatarsa ba ta biya ba. Illarta ita ce manhajar kwafi da ba a rubuta da kyau ba tana iya tsayawa cak saboda abin da bai taka kara ya karya ba. Saƙon ma yana ruɗarwa, domin mutum zai ɗauka izini ne ba shi da shi, alhali filashin ne bai iya ba. Kuskuren EOPNOTSUPP, wato tsarin bai iya wannan aiki ba, wanda fallocate, umarnin ware wa fayil wuri, ke mayarwa a irin wannan hali, ya fi bayyana matsalar.

Ta biyu kuwa shiru ne. Idan aka haɗa filashin da zaɓin quiet, wato shiru, chmod da chown (mai canza mai fayil) ba sa kawo kuskure ko da ba abin da ya canza. Kwafi zai tafi sumul. Amma wanda ya kulle takardar sirri zai tafi hankalinsa kwance, fayil ɗin kuwa yana nan a buɗe.

Ni na fi son ta farko. Quiet sai wajen kwashe hotuna ko waƙoƙi, inda izini bai dami kowa ba.