Washar Nord-Lock a bol ɗin manifol: tana hana shi juyawa, amma ba ta gyara gasket

Da safe in an tayar da inji aka ji tas-tas-tas daga gefen top silinda, ƙarar ta lafa bayan ya ɗau zafi, sai a duba bakin manifol ɗin salansa, wato bututun da ke kwashe hayaƙi daga top silinda zuwa salansa. In akwai zanen baƙin hayaƙi a gefen gasket, bol ya saki. Matsalar ta fi addabar motocin da aka cire musu manifol na ƙarfen zubi aka sa na bututu, don farantinsa ba kauri, bol ɗinsa kuma gajere ne.

Bol yana riƙe abu ne saboda ɗan miƙewar da yake yi in an ɗaure shi. Gajere ba ya miƙewa sosai, don haka gasket na ɗan lotsawa sai riƙon ya tafi. Ga shi alminiyon ɗin top silinda yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen bol. Yau zafi, gobe sanyi, sai girgizar inji ta ƙarasa aikin.

Don hana bol ɗin juyawa ake sa washar Nord-Lock, wadda wani kamfanin Suwidin mai wannan suna yake yi tun 1982. Guda biyu ce a manne. Fuskokin da ke haɗuwa a ciki suna da tudu-tudu masu gangara, na waje kuma haƙora ne da ke cizon kan bol da faranti. Dabarar ita ce gangaren tudun ya fi na zaren bol tsayuwa. Kafin bol ya juya baya sai washa ɗaya ta hau kan 'yar'uwarta, hawan nan kuwa ƙara ɗaure shi yake yi. Wajen kwancewa da sifana ana jin ta yi ƙas lokacin da tudun ya tsallake.

A nan ta yi wa sifirin washa fintinkau, wadda zafin salansa ke kashe mata tauri ta kwanta. Gam ɗin zare ma bai kai ba: Loctite 272 ja iyakarsa wajen digiri 230 ne a ma'aunin Salshiyas.

Sai dai a kula wajen saye. Ta ƙarfe mai rufin zinki, wadda aka fi samu, digiri 200 kamfanin ya ba ta. Ta sitenles ce ke kai 500, ita ya kamata a nema, lambarta na ƙarewa da ss, kamar NL8ss ga bol M8. Akwai ta Inconel, wani gaurayen ƙarfe mai jure zafi, mai kai 700, amma tsadarta ba ta biyan kuɗin sabulu sai a kan turbo. In ramin farantin dogo ne ba zagayayye ba, a ɗauki mai faɗi, wato sp. Ta asali tana da lamba da aka zana da leza a jikinta.

Ɗaurin shi ne rabin aikin. A fara ɗora rula ta ƙarfe a kan farantin. In haske na wucewa ta ƙarƙashi, a kai a goge shi ya daidaita, don babu washar da ke miƙar da lanƙwasasshen faranti. A share ramukan zare da taf, wato abin gyara zare, M8×1.25 in bol ɗin M8 ne. Kada a raba tagwayen, kada kuma a sa washa mai santsi a ƙarƙashinsu, domin haƙoran sai sun ciji abin da ba ya juyawa. Kaurinsu ya kai milimita 2, saboda haka a tabbatar bol ya shiga alminiyon aƙalla milimita 12, in ba haka ba zaren zai cinye. A shafa man jan ƙarfe na hana kamewa a zaren. A ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, zagaye biyu, da sifana mai awo. Ƙarfin ɗaurin bol M8 yawanci Nm 20 zuwa 25 ne a ma'aunin sifanar, amma littafin motar ne alƙali.

Ga inda masu saye ke shan mamaki. Washar tana hana juyawa ne kawai. In gasket mai laushi ya lotsa, bol zai zauna daram a inda aka bar shi, hayaƙi kuma na fita. Dole a bar inji ya yi zafi, ya huce sarai, a sake ɗaurewa, sau biyu ko uku. Gasket na ƙarfe mai falle-falle yana rage wannan wahala ƙwarai. Haƙoran kuma suna barin tabo a faranti, abin da mai manifol ɗin ado ba zai so ba.

Kishiyarta ita ce bol ɗin Stage 8 na Amurka, mai ɗan makulli da ake zura wa kan bol ya jingina da bututu, kilif ya riƙe shi. Yana aiki, amma duk sake ɗauri sai an cire kilif ɗaya bayan ɗaya a lungun da yatsa ba ya shiga. Ga motar yau da kullum Nord-Lock ta sitenles ta fi sauƙin sha'ani, muddin akwai fili mai faɗin milimita 14, ramin bol a tsakiyarsa, da za ta kwanta sosai ba ta taɓa bututu ba.