Wata shida ina auna ruwan jakuzi da kayan gwaji na ɗigo

Ni ke kula da gidan Alhaji a Lekki, irin gidan nan da baƙi ke kamawa na 'yan kwanaki. A bayan gidan akwai bahon ruwan zafi mai cin lita 1,200, wanda kowa a Legas ke kira jakuzi. 'Yan'uwa masu irin aikina daga Ajah har Ikoyi suna ta tambayata ko kayan gwajin ruwa na ɗigo da na saya sun ci kuɗinsu. Sun ci, har da riba.

Da can tsinken gwaji nake amfani da shi: ka tsoma, ka jira daƙiƙa 15, ka gwada launi da na jikin robar da tsinkayen ke ciki. Da damina ta kankama, laimar Legas ta shiga robar ta lalata su ban sani ba. Kullum suna nuna mini lafiya lau, har ranar da wani baƙo ya tashi da ƙuraje masu ƙaiƙayi a baya da cinya. Alhaji ya kira daga Kano: "Malam, me ya samu ruwan nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tsinke bai nuna komai ba." Abin ya tsaya mini a rai, domin amana aka ba ni, kuma ƙwayar Pseudomonas mai kawo irin ƙurajen nan ba ta da wurin zama kamar ruwan ɗumi da kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya yi ƙaranci.

Na ɗigon ɗan akwati ne da kwalabe. Ka nutsa hannu har gwiwar hannu ka ɗebo ruwa, ka ɗiga jan magani sau biyar, ka ɗaga sama ka duba. Ranar farko ruwan ya koma ruwan ɗorawa, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya tsaya a 6.8, alhali tsakanin 7.2 da 7.8 ake so. Kulorin kuwa kusan babu, shi da bai kamata ya gaza 3 ba.

Inda na fi ƙaruwa shi ne awon ƙarfin kanwar ruwa, wato abin da ke riƙe pH kada ya yi ta hawa da sauka. Nan ba kintace, ƙirga ɗigo kake yi har kore ya rikiɗe ja, sai ka ninka da 10. A ɗigo na huɗu nawa ya juya, 40 ke nan, ana neman 80 zuwa 120. Ashe dalilin da na yi watanni ina zuba maganin ɗaga pH yau, gobe na saukarwa, ke nan. Duk wanda ya ga uwargida na kashe tsamin miya da kanwa ya riga ya gane maganar, sai dai a baho bekin soda ake sawa, kaɗan-kaɗan, injin na juya ruwa. Sai ƙarfin kanwar ya zauna ake taɓa pH, kulorin ya zo daga ƙarshe. Na kuma lura idan baƙi suka daɗe da kunna kumfa, pH na hawa da kansa, saboda haka washegari da safe nake awo.

Kayan ɗigon ma suna da nasu aibin. Ba sa auna ƙarfen da ke cikin ruwa, ga shi ruwan burtsatsen wannan yanki cike yake da shi. Na taɓa cika baho da ruwa garai-garai, ina zuba kulorin ya koma kalar shayi. Yanzu sai na tace shi a bakin tiyo kafin ya shiga. Takardar bayanin ma da Turanci take, rubutu ƙanana, kuma a hasken ƙwan lantarki launukan na ruɗar ido, gara a fita fili da rana. Magungunan ɗigon ba sa son zafi, a durowar ɗaki nake ajiye su, kuma duk shekara ake sabunta su.

Yanzu sau uku a mako nake awo, da duk ranar da aka ɗauke wuta ruwa ya kwana ba motsi. Zafi ba na bari ya wuce digiri 40, bayan wata uku kuma in zubar da ruwan gaba ɗaya in sake sabo. Lambobin ina rubuta su a ɗan littafi, ranar Juma'a in ɗauki hoto in tura wa Alhaji ta WhatsApp.