Ƙwayar kemis ko kwalbar tasha: me ya kamata mai raunin mazakuta ya saya?

Magidanci idan gabansa ya fara ƙin miƙewa, ko ya miƙe ya kwanta tun ba a je ko'ina ba, abu na farko da zai ce shi ne basir ne ko sanyi. Daga nan sai tasha, wajen mai lasifika a kan mota. Alhali sau da yawa jijiyoyin jini ne suka fara cushewa. Jijiyoyin da ke kai jini gaba sun fi na zuciya sirantaka, shi ya sa sukan nuna alama shekaru kafin zuciya ta fara ciwo. Ciwon sukari, hawan jini, sigari da teɓa su ne kan gaba wajen jawo wannan. Don haka kafin ka fitar da kuɗin magani, ka fara biyan kuɗin awon sukari da na hawan jini. Idan kuwa da asuba kana tashi gaba a miƙe amma wajen iyali ya ƙi, to fargaba ko damuwa ta fi yawa a lamarin.

A kemis, ƙwayoyi biyu aka fi samu. Sildenafil ita ce Viagra, wadda kamfanin Pfizer ya fitar a Amurka a 1998, bayan an fara gwada ta don ciwon ƙirji. Yanzu kamfanoni da yawa suna yin ta, don haka ta yi araha. Tana zuwa a miligiram 25, 50 da 100, ana sha kamar awa ɗaya kafin kwanciya, aikinta ya kai kusan awa huɗu. Matsalarta, idan ka cika ciki da abinci mai maiƙo, sai ta yi jinkirin kamawa. Tadalafil, wato Cialis, ta zo a 2003. Ba ruwanta da abinci, kuma takan kai awa 36 a jiki, ga kuma ƙaramar ƙwaya ta miligiram 5 da ake sha kullum. Wanda ba ya son lissafin agogo, ita ta fi masa, sai dai wasu takan sa musu ciwon baya. Dukansu biyu suna iya kawo ciwon kai da toshewar hanci, kuma ba sa haifar da sha'awa: in ba a motsa ba, babu abin da zai faru.

Ga inda ba wasa. Duk mai shan maganin ciwon ƙirji irin nitroglycerin ko isosorbide, kada ya kusanci ko ɗaya, domin jininsa na iya faɗuwa warwas. Mai sikila ma sai da izinin likita. Gaba kuma in ya wuce awa huɗu a miƙe, asibiti za a nufa a daren, kunya ba ta da wuri.

Sai kwalbar tasha da zumar maza. Ni dai ban ga dalilin sayensu ba. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni huɗu da aka samu sildenafil ko tadalafil a ɓoye cikin zumarsu. Ka ga ke nan ƙwayar da kake gudu ita ka sha, ba tare da sanin adadinta ba. Burantashi kuwa, da ake samu daga ɓawon itacen yohimbe, yana iya ɗaga hawan jini da bugun zuciya. Tramadol ba maganin wannan ba ne, yawan shansa ma kashe gaban yake yi.

In ƙwaya ta ƙi, likitan mafitsara yana da sauran dabaru: famfon da ke janyo jini a ɗaure da zobe, wanda ba a barinsa ya wuce minti 30, ko allurar alprostadil a jikin gaba, ko tiyata a dasa na'ura. Allurar testosterone, wato sinadarin mazakuta na jiki, kuma sai awon jini ya nuna ƙarancinsa.

Ranar da za ka saya, ka je kantin magani mai rajista da takardar likita, ka faɗa wa mai kantin duk magungunan da kake sha. Ka duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa da adadin miligiram a jikin kwali. Wanda aka ƙirgo maka a leda ba suna, bar masa abinsa.