Rinin jel a kan tsohon banish: abin da na gani da idona

Kabad ɗin da mahaifina ya bar mini ya haura shekara 30. Banish ɗinsa ya dusashe, ya koma ruwan ɗorawa, wajen mariƙin ƙofa kuma ya yi baƙi saboda maiƙon hannu. Ban so in rufe shi da fenti ba, domin jijiyoyin katakon su ne kyansa. Kankare shi har kan katako kuwa jan aiki ne. Shi ya sa na gwada rinin nan mai kauri da ake kira jel.

Abin da ya raba shi da rini mai ruwa-ruwa shi ne ba sai katako ya sha shi ba. A sama yake zama, don haka yana kama tsohon banish muddin bai fara ɓarewa ba. Na wanke maiƙon tas, na bi da samfefa mai laushi, mai lamba 220, har ƙyallin ya mutu, na share ƙurar. Sai na shafa da tsumma, na ɗan dakata, na goge rarar ina bin jijiyar katakon. Shafin farko ya fito dabbare-dabbare, gabana ya faɗi. Na biyu ne ya daidaita shi, launin ya nutsu, jijiyoyin na leƙowa ta ƙarƙashi.

Inda yake neman haƙuri shi ne bushewa. Rinin mai ne, kuma a kan banish babu abin da zai tsotse shi. A kusurwoyin da ya taru, kwana biyu ina taɓawa yana danƙo. Sai da na ba shi awa 72 kafin na ɗora man kariya na ruwa, wato banish ɗin da aka haɗa da ruwa maimakon mai, shafi uku marasa kauri, ina lallaɓa samfefa mai lamba 320 a tsakani. A gwangwani fari yake kamar farar ƙasa, amma da ya bushe ya zama garau, kuma ba ya rawaya irin na mai.

Tsummokaran kuma kada a dunƙule su a jefa a kwando, suna iya ɗaukar zafi su kama da wuta. Ni a ruwa na jiƙa su.

Duhu kawai yake ƙarawa, ba ya mayar da baƙin katako fari. Mai son haske dole ya kankare. Ni dai na bar kabad ɗin wata guda kafin na ɗora masa kaya, har yau kuma rinin wajen mariƙin bai goge ba.