Kafin ka sayi babban kare don gadi: wa ya hore shi, kuma maganar wa yake ji?

Tun da haurawa gidaje ta yi yawa a unguwanni, mutanen da a da ko haushin kare ba sa son ji sun fara tambayar inda ake samun na gadi. Yawancinsu kuwa babba suke nema, wanda zai kama aiki a daren da aka kawo shi. Ban ga laifinsu ba. Ɗan kwikwiyo sai ya haura shekara kafin a dogara da shi, ga shi cutar zawon jini da likitocin dabbobi ke kira parvo tana kashe ƙanana da yawa idan ba a yi musu rigakafi ba. Ta fuskar addini ma, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan akwai buƙata. Amma babban kare da halinsa yake zuwa, kuma a gidan wani ya koyo shi.

Hanya mafi sauri ita ce sayen wanda aka ce an riga an hore shi. Nan ne kuɗi ya fi tafiya, nan ne kuma aka fi yin nadama. Mai sayarwa zai fito da kare, ya ce masa zauna ya zauna, kwanta ya kwanta, mai saye ya ji daɗi ya biya. Abin da bai lura ba shi ne, muryar mutum ɗaya karen ke bi, da Turanci kuma ake ba shi umarni, a filin da ya saba da shi. Ka karɓi igiyar da hannunka, ka sa mai shi ya ja da baya, ka ba da umarnin da kanka. Ka sa a kira shi daga nesa ka ga ko zai baro abin da yake yi ya zo. Wannan kiran, da iya sakin abin da ya kama idan an ce ya saki, sun fi duk sauran wasannin muhimmanci, domin su ne za su ceci ɗan garuwa ko almajirin da ya turo ƙofa ba zato. Ka tsaya kusa lokacin da ake ba shi abinci ka ga ko yana gurnani a kan kwano. Sannan ka yi tambayar da masu sayarwa ba sa so: me ya sa za a rabu da shi? Wani ƙaura mai gidan zai yi, wani ciyarwa ce ta gagare shi, wani kuwa karen ya taɓa cizon yaro ne ake neman kai da shi.

Akwai abin da nake so mai saye ya bambance, wato kare mai horo da kare mai zafin wahala. Wasu kan ɗaure kare da sarƙa dare da rana, su kulle shi a duhu, su doke shi, har a zuba masa barkono a abinci wai don ya yi faɗa. Irin wannan yana faɗa kam, sai dai ba ya tantance ɓarawo da ɗan gida. Alamarsa ba ta ɓuya: ka ɗaga hannu ya noƙe kai, ya cusa jela tsakanin ƙafafu, ko ya zabura ba gargaɗi. Ko kyauta aka ba ka shi, kada ka kai shi gidan da yara ke wasa a tsakar gida.

Hanya ta biyu ita ce ka sayi babba mai lafiya da natsuwa wanda bai sami horo ba, ka kai shi wurin mai horarwa ya yi wasu makonni. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne cewa sabawar kare da mutane a watanni 3 na farkon rayuwarsa take kafuwa. Duk da haka babban kare yana koyon zauna, zo, tsaya da tafiya a igiya, sau da yawa ma ya fi kwikwiyo tattara hankali. Aibin wannan hanya shi ne ba ka ganin abin da ake yi masa. Idan mai horon ba ya son ka riƙa leƙawa, ka nemi wani.

Hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce mai horon ya riƙa zuwa gidanka, ko kuma ta biyun a haɗa ta da zaman wasu kwanaki a gidan, inda mai horon zai miƙa maka karen. Tana cin lokaci, dole kai ko wanda zai riƙa kula da karen ku tsaya ana yi da ku, amma a nan ne kare ke sanin ƙofarsa, da maigadi, da uwargida, da kaji da tumakin da ba nasa ba ne ya kora. Kuna iya ma sauya kalmomin umarni zuwa Hausa don kowa a gidan ya iya tsawata masa.

Batun iri kuwa, zafinmu ne alƙali. A Kano, Sakkwato ko Maraɗi, watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Karen Jamus da ake kira Alsatian yana da saurin ɗaukar horo, shi ya sa 'yan sanda ke aiki da shi a ƙasashe da yawa, amma gashinsa mai kauri ne, yana buƙatar inuwa da ruwa kullum, kaska kuma na ɓuya a jikinsa. Caucasian daga duwatsu masu sanyi ya fito, kuma duk lokacin da na ga ƙatonsa yana haki a kejin kwano sai tausayinsa ya kama ni. Boerboel na Afirka ta Kudu gajeren gashi gare shi, ya fi jure zafi, sai dai namijinsa kan wuce kilo 60, ka ga ciyarwa da riƙon igiyarsa ba na kowa ba ne. Karenmu na gida, wanda ake rainawa, yana jure zafi, yana cin abin da gida ke ci, kunnensa kuma ba ya barci. Idan abin da kake so shi ne a tashe ka da haushi kafin mutum ya gama haura katanga, ya wadatar.

Kowanne ka zaɓa, kada kuɗi ya bar hannunka sai ka ga katin rigakafi mai sa hannun likita da kwanan wata, musamman allurar haukan kare, wadda ake farawa a wata 3 a kuma sabunta duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ta daɗe tana yin wannan allura. Cutar idan alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Kati ana iya rubuta shi a bakin titi, don haka ka ɗauki likitan dabbobi naka ya duba karen, ya ƙiyasta shekarunsa daga haƙora, ya ga dasashi da kunnuwa da tafiyarsa.

Ranar ɗauka, ka nemi mai shi ya raka ku har gida, ya zo da kwanon karen da abincin da ya saba, a sauya masa sannu a hankali cikin mako guda don kada cikinsa ya lalace. A ware masa wuri mai inuwa nesa da inda ake salla da girki. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci yana zagayawa da shi a igiya safe da yamma, yara kuma su gan shi daga nesa tukuna. Kada a sake shi gadin dare sai ya fara zuwa da gudu idan wannan mutumin ya kira sunansa.