Na'urar ƙara wa injin ƙarfi da na saya a intanet, ashe fitila ce kawai

Jama'a duk wanda ya ga tallar 'yar na'urar nan mai ruwan ɗorawa da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari wai tana ƙara wa mota ƙarfi, don Allah ya riƙe kuɗinsa ya sha mai da su. Na saya na gwada, kuma har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Motata Corolla ce 2004, injin 1.8 ɗin nan 1ZZ, atomatik. A takarda ƙarfin doki 130 gare ta tana sabuwa, amma motar da ta haura shekara 20, ta sha hannu a Turai ta zo ta sha namu, ai ba a zancen takarda. A Jos nake, ina yawan sauka Akwanga da Lafiya, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san Hawan Kibo. In za mu dawo ga iyali ga doya a but ga AC a kunne, sai ka danna totur har ƙasa injin na ta kururuwa motar kuma tana rarrafe, tirela a gabanka tana tiƙa maka hayaƙi kana son ka wuce amma ba ka yarda da motarka ba. Abin da ya dame ni ke nan, ni ba tsere nake yi ba.

To sai ga tallar nan tana ta bina a Facebook. A jikin kwalin an rubuta wai ƙarfi zai ƙaru da kashi 35, kuɗinta kuma bai kai na cika tanki ba. Takardar ciki ta ce ka soka ta a ramin OBD, inda ake jona kwamfuta in za a duba mota, ka murɗa makulli, ka danna wani ɗan maɓalli, sannan ka yi tafiyar kilomita wajen 200 kafin ta "koyi tuƙinka". Na soka, fitilu suka hau ƙyaftawa, ja da kore, gwanin sha'awa. A cikin gari har na fara ce wa uwargida kin ji yadda take fizga kuwa? Ta ce ita dai ba ta ji komai ba. Da muka zo Hawan Kibo magana ta ƙare, yadda take jiya haka take yau, tirelar siminti ma sai da na bi bayanta har sama.

Amma abin da ya fi ƙona min rai batir ne. Na yi tafiya na bar motar a gida 'yan kwanaki, na dawo da asuba zan kai yara makaranta, na murɗa makulli sai ƙas ƙas ƙas. Maƙwabci ne ya zo da tasa muka yi jamfa. Na wuce Farin Gada wajen mai wayarin ɗina, yana leƙa ƙasan sitiyari da tocilan ya ga abin na ƙyaftawa alhali makulli na hannuna, sai ya kwashe da dariya ya ce Alhaji kai ma sun kama ka? Ya ce ramin nan akwai ƙafa ɗaya, ta 16, da wuta ba ta yankewa a cikinta ko mota a kashe take, to duk abin da ka bari a soke yana ta tsotsar batir a hankali, batirina kuma dama ya fara gajiya. Ya sa sukudireba ya ɓalle murfin a gabana. Wallahi abin da ke ciki: ɗan allo kamar akwatin ashana, ƙananan fitilu uku, wani ɗan baƙin cif guda ɗaya da 'yan tarkace. Ya bi layukan da mita ya ce babu abin da zai iya magana da biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, a nan, aikin cif ɗin shi ne kunna fitila da kashewa. Kuɗina na ba da na sayo fitilar ado.

Yadda ya yi min bayani ma ya fi komai shiga kaina. Ya ce ƙarfin injin daga iska ne da mai da wutar filogi, iya iskar da ya shaƙa iya man da zai ƙona. Masu yin tunin na gaskiya, wato masu ƙara wa injin ƙarfi, sai sun shiga cikin biren bos sun sake rubuta lissafin mai da lokacin tartsatsi, kuma ko su ɗin a motar da ba turbo abin da suke samu kaɗan ne, a mai turbo ne ake ganin bambanci sosai. Sannan Jos kanta tana sama da teku da mita wajen 1,200, iska ta fi sirantaka, kuma injin da ba turbo yana asarar kusan kashi 3 a duk mita 300 da ka hau. Ka lissafa, sama da kashi 10 ya tafi tun kafin a zo maganar tsufa. Shi ya sa motar take wani jin daɗi in na sauka Lafiya.

Gaskiya a nan sai na ɗan huce, don ba don wannan shirmen ba da ban tsaya an duba motar da kyau ba. Ya tura ni wajen bakanike na kusa da shi. Filtar iska da aka ciro, ƙurar hunturu ta toshe ta har in ka ɗaga ta a rana ba ka ganin haske. Sensan iska na MAF da ke bayan akwatin filta, 'yan siraran wayoyin cikinsa sun yi baƙi, aka fesa masa sifirai ɗinsa na musamman, ya ce kar a kuskura a taɓa shi da hannu ko burushi. Aka wanke bakin totur, aka wanke nozul, aka cire filogin da wani ya taɓa sa min masu arha aka sa iridiyom da na sayo a Dilimi. Akwai kuma wata 'yar raga ta baƙin mai da ke ciyar da VVT-i, wato abin da ke daidaita lokacin buɗe bawul, ni ban ma san da ita ba, ta cika da dauɗa kamar kwalta. Birkin baya ɗaya ma ashe yana ɗan riƙewa. Da na fito na hau titin Bukuru na ji motar ta saki jiki, giya na shiga ba jan rai, kuma tafiyar da ta biyo baya na wuce tirela a Hawan Kibo da AC a kunne ba tare da na karanto duk addu'ar da na sani ba. Ba a ƙara mata doki ko ɗaya a kan na kamfani ba, nata ne da suka ɓace aka dawo da wasu. Mai ma ya ɗan ragu, wanda tun da aka cire tallafi a 2023 ba ƙaramin abu ba ne.

Na tambaye shi filtar nan mai kamar mazurari da samari ke sawa, ya ce ƙara kawai za ka samu, tana zuƙar iska mai zafi daga cikin bonet, ga ƙurarmu. Fasa salansa ko cire indomi (abin tace hayaƙin da ke cikin salansa) kuwa ya ce sai dai in ya toshe, in ba haka ba fitilar cek injin ce za ta kama ga warin hayaƙi. Wai in da gaske nake in nemo injin 2ZZ na Corolla XRS mai doki 170, amma da giyarsa ta hannu da wayarin da biren bos ɗinsa, kuɗin ya isa in fara tunanin canza mota, na ce a'a na gode.

Sai dai fa batirin bai tashi ba, bayan 'yan makonni dole na sayi sabo, kuma kun san yadda batir yake yanzu. Na tura wa mai sayarwar hoton cikin na'urar a WhatsApp na ce ya dawo min da kuɗina, ya ce ai tunda na buɗe garanti ya lalace, wai kuma ban cika kilomita 200 ɗin ba ne. Na ce na ninka ta. Ya turo min "sorry sir" daga nan ya yi blokin ɗina. Tallar tana nan tana yawo, yanzu har da wata koriya wai ita ta rage shan mai ce, mutane na ta tambayar nawa ne a ƙasa. Da ana ba da tauraro sifili da shi zan ba su.